Jirgin Fito da Jirgin Tsere: Tarihin Ƙananan Jiragen Ruwa Masu Tafiya da Iska

A wannan karon za mu bar tudu mu gangara bakin ruwa.

Wani zai ce me ya haɗa mutanen Tudun Wada da jirgin ruwa, mu da manyan ruwayenmu ba su wuce Kubanni da Galma ba? To ai tun tuni ruwa ya shigo rubutunmu. Cikin tsofaffin littattafan da aka buga a nan Zariya akwai Mungo Park Mabuɗin Kwara na marigayi Malam Nuhu Bamalli, Magajin Garin Zazzau, kuma ƙarshen wannan labari jirgi ne da ya maƙale a duwatsun Busa. Duk da haka, har yau in marubucinmu ya kai jaruminsa bakin kogi, sai ya ce "ya shiga jirgi" kurum ya wuce, kamar duk jirgi jirgi ne. Alhali wannan marubucin ba zai taɓa ɗora wa dokin sukuwa mangala ba, ba kuma zai kai jakin fatake filin sukuwa ba.

Bambancin dokin sukuwa da dabbar kaya yana nan a cikin jirage. Akwai wanda aka sassaƙa don ya ɗauki mutum da guzurinsa ya kai shi nesa lafiya, akwai wanda aka sassaƙa don ya riga ɗan uwansa isa. Abin da aka ƙara wa ɗaya, daga jikin ɗayan aka yanko shi. Tarihin wannan ciniki za mu bi yau, daga ruwayenmu zuwa tekunan duniya, mu dawo gida.

Kafin mu yi nisa, mu daidaita kalmomi huɗu. Ƙyallen da ake shimfiɗawa iska ta tura jirgi za mu kira shi zanen iska. Dogon icen da ake rataya shi a kai shi ne jigo. Faffaɗan katako ko ƙarfen da ke leƙowa ta ƙarƙashin jirgi cikin ruwa za mu ce masa allon ƙasa. Wanda ke baya ana juya jirgi da shi kuwa, linzami.

Abin da muka gada

Jirgin da ya fi kowane tsufa cikin waɗanda aka tono a Afirka, a arewacin Nijeriya aka same shi. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da katako. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Farankfot a Jamus suka tono shi, gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000. Tsawonsa mita 8.4, faɗinsa rabin mita. Wato tsawon ya ninka faɗin kusan sau 17, goshinsa da gindinsa kuma a fiƙe. Wanda ya sassaƙa shi ya riga ya san abin da masu ƙera jiragen gasa suka sani a yau, cewa siririn jirgi mai tsawo ya fi keta ruwa.

Masu ba da tarihin Kabi suna cewa Kanta yana da jirgin da aka lulluɓe da tagulla, matuƙa hamsin ke tuƙa shi. Wannan jirgin sarauta ne da yaƙi, ƙarfinsa a yawan hannaye yake. Jirgin talaka kuwa shi ne na fito, mai faɗin ciki, wanda ke ƙetarar da 'yan kasuwa da buhunansu da awakinsu, mai fito yana tura shi da doguwar sanda inda ba zurfi, ya koma filafili inda sanda ba ta taɓa ƙasa.

Tsere ma ba baƙonmu ba ne. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka kafa shi a tsarin da muka sani a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, yana da wasannin kabanci, cikinsu har da tseren kwale-kwale. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016. A Yawuri kuma akwai bikin Rigata, sunan da ya samo asali daga kalmar Turawa ta gasar jirage, su ma daga mutanen birnin Banis na Italiya suka aro ta. Duk wanda ya kalli irin wannan tsere ya ga cewa mai son ya ci ba ya ɗaukar jirgin da ake lodin albasa. Siriri yake nema, marar nauyi, wanda in mutum ɗaya ya kuskure zama sai kowa ya sha ruwa.

Abin da ba mu gada sosai ba shi ne zanen iska, kuma dalilin yana cikin ruwayen kansu. Kogin Rima da na Haɗeja da Galma da damina suke cika, su yi ƙarfin gudu, da rani su koma rairayi da kududdufai. Ga kwana, ga tsibiran yashi. Hunturu kuwa, lokacin da iska ta fi tsayawa wuri guda, shi ne lokacin da ruwa ke janyewa. Ku gwada da kogin Nilu a Masar. Ruwansa arewa yake gangarawa, iska kuma daga arewa take busowa kusan duk shekara. Mai zuwa kudu ya ɗaga zane, mai dawowa ya naɗe ya bi ruwa. Shi ya sa Misirawa suke da zanen iska fiye da shekara 5,000. A saman Kwara, wajajen Mopti a ƙasar Mali, inda ruwa ke buɗewa, masu jirage kan ɗinka buhuna su kafa a jigo in iska ta biyo bayansu. In ta juyo gaba sai a sauke a koma sanda.

Jirage biyu da suka zo mana da zane

Na farko shi ne na Mungo Park. A ƙarshen 1805, a garin Sansandin na ƙasar Mali ta yanzu, ya samu kwale-kwale biyu da suka fara ruɓewa, ya yanke lafiyayyun ɓangarorin ya haɗa. Ya fitar da jirgi mai tsawon ƙafa 40 da faɗin ƙafa 6, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, wanda ko da kaya bai wuce ƙafa ɗaya yake nutsewa ba. Ya kafa masa jigo da zane, ya yi masa rumfar fatun shanu saboda kibau, ya raɗa masa suna Joliba. A matsayin jirgin doguwar tafiya ya yi aikinsa, don ya ɗauke su wajen kilomita 1,600 har Yawuri. A nan ɗan jagoransu Amadi Fatuma ya sauka. Da suka isa Busa a farkon 1806, inda ruwa ke kutsawa tsakanin duwatsu, jirgin ya maƙale, Park da mutanensa suka halaka. Wurin yanzu yana ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968. Bayan shekara 24, a 1830, Richard Lander da ƙanensa John suka gangara wannan kogi har bakin teku cikin kwale-kwalen mutanen ƙasa, mafi yawan hanya da matuƙan da suka san ruwan.

Na biyu ya fi ban mamaki. A 1850 ayarin James Richardson da Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar nan da Abdulkarim, da Adolf Overweg, ya taso daga Tarabulus ɗauke da jirgin katako da aka ƙera a tsibirin Malta. An yanka shi gida huɗu aka ɗora wa raƙuma, aka ƙetare Sahara da shi ta ƙasar Azbin har Barno. A tsakiyar 1851 aka harhaɗa shi a bakin tafkin Cadi, aka sa masa suna Lord Palmerston, Overweg ya ɗaga zane ya yi makonni yana zagaya tsibiran Buduma. Ya tarar da su da nasu jiragen, na katako da kuma na ciyawar ruwa da ake ɗaurewa dami-dami, masu ratsa ruwa marar zurfi da duhun ciyayi. Overweg ya rasu a bakin tafkin a 1852. Jirginsa bai bar zuriya a Cadi ba, don mutanen tafkin suna da abin da ya dace da ruwansu.

Inda kakanninmu suka hau jirgin iska

Bahaushe ya san jirgin zane da jikinsa ta hanyar aikin Hajji. Kafin jirgin sama, alhazai da ƙafa suke tafiya ta Barno, Wadai, Darfur da Kurdufan, wasu su shekara da yawa a hanya suna noma da ƙwadago, har su isa Sawakin a bakin Bahar Maliya. Daga nan zuwa Jidda ruwa ne na wajen kilomita 300. Da yawa daga cikinsu, musamman marasa kuɗin jirgin hayaƙi, a sambuk suka ƙetare. Sambuk jirgin katako ne na Larabawa, mai jigo ɗaya ko biyu, zanensa mai kusurwa uku a rataye jikin dogon icen da ke karkace. Cikinsa da faɗi da zurfi, a zuba mutane da buhuna da tulunan ruwa. Ba ya alƙawarin ranar isa. In iska ta ɗauke, a zauna a yi ta addu'a.

Wannan dangin jirgi ma ya haifi ɗan tsere. A Lamu ta ƙasar Kenya ana tseren jiragen zane a bikin Mauludi. A Dubai tun 1991 ake gasar Al-Gaffal, ta jirage masu tsawon ƙafa 60, don tunawa da dawowar masu nutso neman lu'ulu'u. Siffar ta kakanni ce, amma an rage nauyin katako an ƙara girman zane, har ya zama jirgin ba shi da wani aiki sai gudu. Alhajin da ya ƙetare daga Sawakin da iyalinsa ba zai yarda ya sa ƙafa a cikinsa ba.

Yadda tsere ya rabu da aiki a Turai

A Turai ma daga jirgin aiki aka fara. Mutanen Holan suna da ƙananan jirage masu sauri na bin sawun 'yan fashin ruwa, sunan da suke kiransu da shi ma'anarsa farauta. A 1660 suka ba Sarkin Ingila Charles na Biyu kyautar irin wannan jirgi mai suna Mary. Shekara ta zagayo, a watan Oktoba 1661, sarkin da ƙanensa suka yi tsere a kogin Tems, daga Girinic zuwa Girebsen da dawowa, a kan fam 100. Daga nan abin ya zama wasan sarakai da attajirai. A watan Agusta 1851, shekarar da Overweg ya zagaya tsibiran Cadi, wani jirgi mai suna America ya zo daga Niyok ya cinye jiragen Ingila a tseren zagaya tsibirin Wait. Kofin da ya ɗauka shi ne ake takara a kansa har gobe. Wasan ya shiga gasar Olamfik a 1900, ya iso Legas inda aka kafa kulob ɗin masu jiragen zane a 1932.

A gefe guda kuma aka samu masu shiga ƙaramin jirgi don tafiya kawai. Jagoransu shi ne Joshua Slocum, tsohon kyaftin da ya gyara wani yasasshen jirgin masu kamun kawa mai suna Spray, tsawonsa mita 11, faɗinsa ya haura mita 4. Ya bar Boston a watan Afrilu 1895, ya dawo Amurka a watan Yuni 1898, ya zama mutum na farko da ya zagaya duniya shi kaɗai, tafiyar da ta haura kilomita 70,000. Abin alfaharin Spray shi ne in an daidaita zane aka ɗaure linzami, yana riƙe hanya da kansa kwana da kwanaki, mai shi ya yi girki, ya yi karatu, ya yi barci. Jirgin tsere kuwa in ka sake shi na ƙiftawar ido ya juya maka.

A jera su kafaɗa da kafaɗa

Don mu ga bambancin da ido, mu ɗauki ƙananan jirage biyu da suka yi suna, masu kusan tsawo ɗaya.

Na farko shi ne Laser, wanda Bruce Kirby ɗan Kanada ya zana, ya shiga kasuwa a 1971, ya shiga Olamfik a 1996. Tsawonsa mita 4.2, faɗinsa mita 1.4, gangar jikinsa kilo 59 kacal, bai kai buhun masara ba. Zanensa ɗaya, murabba'in mita 7. Mutum ɗaya yake ɗauka. An ƙera sama da 200,000, duk iri ɗaya, don in an yi tsere a san gwanintar matuƙi ce ta ci, ba aljihunsa ba.

Na biyu shi ne Wayfarer, wanda Ian Proctor ɗan Ingila ya zana a 1957. Tsawonsa mita 4.8, faɗinsa kusan mita 1.9, nauyinsa wajen kilo 170, wato kusan Laser uku. Yana ɗaukar iyali guda, yana da ma'ajin kaya gaba da baya, ana iya rage zanensa in iska ta yi yawa, da dare a kafa masa rumfa mutum biyu su kwana a ciki. A 1963 Frank Dye da abokin tafiyarsa suka tuƙa irinsa daga Sukotlan zuwa Aisilan, mil 650 na buɗaɗɗen teku, cikin kwana 11.

Me ya sa nauyi ya zama abin rigima haka? Jirgi mai nauyi ture ruwa yake yi, sai ya tayar da igiya ɗaya a goshinsa, ɗaya a gindinsa, ya zauna a tsakaninsu kamar wanda ya faɗa kwari. Ga jirgi mai tsawon mita 5, wannan yana tsayar da gudunsa a wajen kilomita 10 cikin awa, kome ƙarfin iska. Marar nauyi mai shimfiɗaɗɗen gindi kuwa yana iya hawa kan igiyar gabansa ya riƙa sulɓi a saman ruwa, kamar faffaɗan dutsen da yaro ke jefawa a tafki yana tsalle. Wani maƙeri mai suna Uffa Fox ne ya nuna wa duniya wannan a 1928 da ɗan jirginsa Avenger, wanda ya shiga tsere 57 ya zo na ɗaya a 52. Tun daga nan masu tsere suke yaƙi da kowane kilo.

Sai batun tsayuwa. Iska tana tura zane gefe, jirgi ya karkata. Allon ƙasa ne ke hana shi zamewa, shi ne kuma ke ba shi damar tafiya kusan fuskantar iska, yana yin dama yana yin hagu har ya isa, abin da zanen buhu na Mopti ba ya iyawa. Amma me zai hana jirgin kifewa? A Laser, jikin matuƙi ne. Zai saƙala ƙafafunsa a maɗauri ya miƙe bayansa a kan ruwa, cinyoyi da ciki suna zafi. Awa ɗaya ko biyu za a iya, kwana 11 ba mai iyawa. A Wayfarer faɗi da nauyi suna ɗauke rabin wannan wahala. A manyan jiragen tafiya kuwa dalma ko ƙarfe ake zubawa a allon ƙasa, ta yadda in igiya ta kwantar da jirgi zai miƙe da kansa.

Ko a kifewar ma akwai ciniki. Laser yana kifewa da wuri, amma mutum ɗaya zai taka allonsa ya tayar da shi cikin minti guda ya ci gaba, ga kuma jiragen ceto suna kewaye da filin gasa. Wayfarer da wuya ya kife, in kuwa ya kife da kaya a ciki, tayar da shi da kwashe ruwan aiki ne ja. Ɗaya an yi shi ne da sanin akwai masu kallo a kusa. Ɗayan an yi shi da sanin mai yiwuwa ba kowa.

Ranar da teku ta yi alƙalanci

Sau biyu a ƙarnin da ya wuce teku ta raba wannan gardama a gaban duniya. A 1968 wata jaridar Ingila ta sa gasar zagaya duniya, mutum shi kaɗai, ba tsayawa. Mutum tara suka tashi, ɗaya ya kammala. Shi ne Robin Knox-Johnston, a cikin Suhaili, jirgin katako mai nauyi, tsawon mita 9.8, da aka ƙera a Bambai ta Indiya bisa fasalin jiragen ceto na ƙasar Nowe. Yana cikin mafi nawa a gasar. Ya yi kwana 312 a teku, ya dawo ranar 22 ga Afrilu 1969. Nigel Tetley, mai jirgi mai ganga uku marar nauyi, ya matsa wa nasa lamba har ya wargaje a tekun Atlantika saura kaɗan ya isa gida. Tafiya sannu sannu, in ji Hausawa, kwana nesa.

Na biyu ya fi muni. A watan Agusta 1979 jirage 303 suka shiga tseren Fastnet, daga kudancin Ingila zuwa wani dutse a gaɓar Ailan da dawowa, mil 600 da 'yan kai. Guguwa ta same su a tsakiya. 'Yan tsere 15 suka mutu, aka gudu aka bar jirage fiye da 20, waɗanda suka kammala ba su kai 90 ba. A shekarun nan masu zana jirage sun karkata ga faffaɗan jiki marar nauyi, saboda ƙa'idojin gasa suna ba irinsa riba. Da igiya ta yi girma sai aka ga da yawa suna birkicewa, wasu ba sa miƙewa da wuri. A rukunin mafi ƙanƙanta, inda jirage sama da 50 suka tashi, guda ɗaya ne ya kammala, mai suna Assent, samfurin Contessa 32, matsattse mai nauyin dalma a ƙasa, irin wanda ake ɗauka jirgin yawon iyali ne.

Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. An kafa kwamitin bincike, aka aika wa waɗanda suka tsira takardun tambayoyi, aka buga rahoto, aka rubuta littattafai. Daga nan aka tsaurara ƙa'idar tsayuwar jirgi, da kayan ceto, da gogewar da mutum zai nuna kafin a bar shi ya shiga irin wannan tsere. Ba a daina tsere ba, ba a kuma ce kowa ya koma jirgi mai nauyi ba. An dai rubuta a fili iyakar abin da kowane jirgi zai iya ɗauka.

Mu dawo gida

Jiragen da ke fito a ruwayenmu yau inji ke tura mafi yawansu, amma hukuncin bai canza ba. A ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgin katako ya karye a kogin Kwara, tsakanin jihar Neja da garin Wara na ƙaramar hukumar Ngaski a jihar Kabi, ɗauke da mutum sama da 150. Waɗanda aka ceto da rai 'yan kaɗan ne. A ranar 30 ga Nuwamba na shekarar, wani ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai a jihar Kano, ya taso daga ƙauyen Badau. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. Allah Ya jiƙansu da rahama. A duka biyun abin da aka fi ambata shi ne lodi fiye da ƙima.

Jirgin fito an yi shi ne don kaya, amma yana da iyaka. Kowane buhu da aka ƙara yana rage tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa. Kowane mutum da ya zauna a saman kaya yana ɗaga nauyi sama, jirgin ya koma mai saurin karkata kamar na tsere, ba tare da gwanayen da suka san yadda ake zama a na tsere ba. In aka ƙara masa inji mai ƙarfi don a yi sawu biyu kafin kasuwa ta watse, an nemi kaya da gudu a jiki ɗaya ke nan, cinikin da tarihin da muka bi ya nuna ba a cin ribarsa duka biyu.

A nan aikinmu yake. Mutum 15 na Fastnet sun samu masu rubuta yadda abin ya faru dalla-dalla, har aka gyara doka. Yaran Badau da 'yan kasuwar Wara sun fi su yawa, sun kuma cancanci a rubuta nasu da irin wannan kula, da Hausa, yadda mai fito da fasinjansa za su karanta ko a karanta musu. Marubucin da zai yi wannan sai ya san jirgi. In za ka sa jirgi a labarinka, tambayi kanka: wa ya sassaƙa shi, don wane ruwa? Mutum nawa yake ɗauka in an bi gaskiya, nawa aka zuba a ranar? Da sanda ake tura shi, ko filafili, ko inji, ko zane? Wa ke zaune a baya yana riƙe da shi, shekara nawa ya yi a wannan mashigi? Ina ruwa ke shiga, wa ke kwarfewa?

Amsoshin suna bakin Sarkawa da masu fito da masassaƙa a Yawuri da Argungu da Baga, da ma masuntan Galma nan kusa da mu. Suna da sunan kowane katako a jikin jirgi da sunan kowace irin igiyar ruwa, kuma galibin waɗannan kalmomi ba su shiga littattafanmu ba tukuna. Duk wanda a cikinmu ya fito daga garin bakin ruwa, muna roƙon ya zauna da dattawan garinsu ya rubuto mana sunayen, mu tara su a nan don amfanin kowa.

Allah Ya tsare matafiyanmu a tudu da ruwa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.